Ba Cesar Chavez ne ya fara yajin aikin Delano ba

Da an ambaci yajin aikin masu tsinkar inabi na garin Delano a jihar Kalifoniya ta Amurka, sai a ce ai Cesar Chavez, jagoran wata ƙungiyar leburorin gona, ne ya tayar da shi. Ba haka ba ne. Leburorin gona 'yan asalin Filifin ne suka fara ajiye aiki ranar 8 ga Satumba, 1965, a ƙarƙashin jagorancin Larry Itliong, suna neman dala 1.40 a kowace awa da santi 25 kan kowane kwalin inabi. Ƙungiyar Chavez, ta 'yan asalin Meziko, sai ranar 16 ga watan ta amince ta bi sahu, kuma Itliong ne ya nemi hakan, don masu gonaki sun saba ɗauko wata ƙabila ta maye gurbin wadda ta yi yaji.

Yajin kaɗai ma bai isa ba. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1935 ta tsame leburorin gona daga kariyarta, saboda haka aka kore su daga masaukansu, aka kawo wasu. Ƙaurace wa sayen inabi a birane ne ya sa masu gonakin suka rattaba hannu kan yarjejeniya a Yulin 1970.