Janaretan ba jabu ba ne, baƙin mai aka hana shi

Jiya na tarar da mai askin layinmu yana tsine wa ƙaramin janaretansa, Tiger ɗin nan da kowa ya sani, wai jabu aka sayar masa. Na ja igiyar, ta taho sakwaf, ba nauyi ko kaɗan. Na ce, "Malam, wa ke zuba masa mai?" Ya ce yaronsa. Tun da fetur ya yi tsada bayan cire tallafi a 2023, lita ɗaya-ɗaya suke saye, kuma ba kullum ake tunawa da baƙin mai ba.

Jama'a, irin wannan injin ba shi da wurin ajiyar baƙin mai kamar na mota. Ɗan wanda ka gauraya a cikin fetur, shi kaɗai ke shafa fistan da ringi da boris. Ka hana shi, ƙarfe ya goga ƙarfe. Fistan ɗin alminiyon ne, yana rigan silinda kumbura idan zafi ya yi yawa, sai ya cije. Wani lokacin in ya huce ya sake tashi, mai shi ya ce Alhamdulillahi, alhali ciki ya riga ya ƙuje.

Ba sai an wargaza injin ba. Muka kwance salansa, muka haska tocilan ta ramin hayaƙi. Ga zane-zane nan tsaye a jikin fistan kamar kaza ta yi tono, ringi ya manne a gurbinsa.

Inda nake da ja da wasu makanikai shi ne su canza fistan da ringi kawai su karɓi kuɗi. Narkakken alminiyon da ya liƙe a bangon silinda fa? In ba a goge shi ba, sabon ringin ma zai bi sahun tsohon. In zanen ya yi zurfin da farce ke maƙalewa, silindar ma ta tafi. Sannan a kama kwanrod, wato sandar ƙarfen da ke riƙe da fistan, a gwada shi sama da ƙasa. In yana wasa, ko gindinsa ya yi shuɗi-shuɗi saboda zafi, boris ya ƙone, fistan goma ba za su raba ka da ƙarar da injin zai riƙa yi ba.

Ma'aunin da aka saba rubutawa a jikin tankin shi ne 50:1, wato mililita 20 na baƙin mai a lita guda ta fetur, kuma man 2T ake so, wanda aka yi don gaurayawa da fetur, ba ragowar na mota ba. Murfin gora da ƙiyasin ido ba ma'auni ba ne. Na tura yaron zuwa kemis ya sayo sirinji mai cin 20, muka ɗaure shi da zare a hannun janaretan.