Tazarar da talakan Sakkwato ba ya iya saya

A shekarar 2020 an ɗauki azumi ranar 24 ga Afrilu, kwanaki kaɗan bayan an tabbatar da ɓullar korona a Sakkwato. Rediyo ba ta da zance sai na barin tazarar mita biyu, da wanke hannu da sabulu, da zaman gida. Shawara ce mai kyau, ni ma na bi ta, don albashina zai shigo ko na fita ko ban fita ba.

Maƙwabcina ɗan kabu-kabu bai bi ta ba. Babur ɗin ba nasa ba ne, kullum da yamma sai ya kai wa mai shi balas, abin da ya saura shi ne cefanen buɗa-baki. Wata safiya na ce masa, “Malam, da ka ɗan huta gida kwana biyu.” Ya dube ni yana goge madubin babur da bakin rigarsa, ya ce, “In na zamna, mi yara za su ci?” Ban sami amsa ba. Ina tazara a bisa babur, fasinja na manne da bayanka tun daga Mabera har Babbar Kasuwa?

Har yau wasu na cewa taurin kai ne da jahilci suka hana mutanenmu bin doka. Ba na musun cewa akwai waɗanda suka ƙaryata cutar, suna kiranta ciwon masu hawa jirgi. Amma a watan Mayun 2020 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoton da ya nuna kusan kashi 88 cikin 100 na mutanen jihar nan suna ƙasa da ma'aunin talauci, wato Naira 137,430 a shekara, abin da bai kai Naira 400 a rana ba. Babu jihar da ta kai mu. A Legas kashi 4.5 ne. Ga shi kuma a lokacin iyakar Illela da Nijar a rufe take tun Agustan 2019, kasuwanci ya riga ya ja baya. Wanda ke cin hannu baka hannu ƙwarya ba shi da buhun gero a ɗaki da zai jira annoba ta wuce.

Batun wanke hannu ya fi ba ni takaici. A unguwanni da dama famfo ya daɗe da bushewa, sai an tare ɗan garuwa an sayi jarka. Uwar gida za ta raba ta tsakanin girki, alwala da wankan yara, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Mai rijiyar burtsatse a cikin gida, da firji, da ɗaki ga kowane yaro, shi ke iya keɓe mai tari. A gidan haya da mutum bakwai ke kwana ɗaki guda, ina za a kai shi? Mun ga irin haka a 2017, lokacin da sanƙarau ya yi ɓarna a nan da Zamfara, cutar da cunkoson ɗaki ke taimaka wa yaɗuwa.

Abin da nake roƙon gwamnatin jiha shi ne ta yi shiri tun yanzu da ake zaune lafiya. A sa masu unguwanni da limamai, waɗanda suka san gidan da ba a ɗora tukunya ba, su taimaka a rubuta sunayen masu neman na yau da gobe, 'yan dako, masu tallan fura, 'yan kabu-kabu. Ranar da za a sake cewa a zauna gida, hatsi da tankar ruwa su riga sanarwar isa unguwanni irin su Gidan Igwai da Runjin Sambo. Kasuwar da ba za a iya rufewa ba a raba mata ranaku, a ajiye ruwa da sabulu a kowace ƙofa da kuɗin gwamnati.