Waliyyin Kabewa

Kun dai san garkar nan tawa ta hanyar Mirriya, nan Damagaram. Kabewa ta yi yaɗo, fure ko'ina, amma ɗa ko ɗaya bai tsaya ba. Da ya kai girman ƙwan kaza sai ya yanƙwane ya faɗi. Aikin maƙwabcina ne, ba sai na faɗi suna ba, mai feshin maganin ƙwari da sassafe, daidai lokacin da fure ke buɗe ƙudan zuma na ciki. Ya gama da su kaf. Sau nawa aka ce masa ya bari sai yamma? Shi ne fa bara ya sare namijin gwandarsa wai ba ya haihuwa, matan suka riƙa zubar da fure, ya ce baki aka yi masa. Kuma har yau bokitina na wurinsa.

To tunda babu zuma, dole mutum ya yi aikin zuma. Furen kabewa iri 2 ne a jikin uwa ɗaya. Namijin na kan siririn kara, da tsinke guda a tsakiya mai gari ruwan ɗorawa. Macen kuwa da ɗan ƙullutun kabewa a gindinta. Ka tsinko namijin, ka yage ganyen furen, ka shafa garin a tsakiyar macen a hankali, kowane ɓangare ya samu. Namiji 1 ya ishi mata 2 ko 3. Amma fa bayan asuba, don rana na yin zafi furen ya rufe, shi ke nan.

Ina durƙushe, hula ta zame, ina lallaɓa fure, sai na ji tari a bayana. Baba mai rake ne a kan jakinsa, Allah kaɗai ya san tun yaushe.

"Ɗana, lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Namijin nake kai wa macen."

Abin da ya fito daga bakina ke nan. Duk maganar duniya, wannan na zaɓa. Ya dube ni, ya dubi furen da ke hannuna, ya sake dubana. Jakin ma tsayawa ya yi da cin ciyawa. Can ya ce, "To, Allah ya ba su zaman lafiya," ya shafa fatiha da hannu biyu, ya kaɗa jakinsa. Bai ko murmusa ba, wannan ne ya fi ci mini rai.

Kafin la'asar labari ya riga ni zuwa fada, inda muke zaman hira. Ana miƙo mini shayi ana tambayar nawa aka yanka sadaki. Wani ɗan kabu-kabu da ban taɓa gani ba ya rage gudu a unguwar Birni don kawai ya ce mini ina goronsa.

Kabewar dai ta kama, cikin kwana 4 ƙullutun ya fara kumbura. Wanda ya san mai amalanke da ba ya tsawwala kuɗi zuwa kasuwar Dole ya yi mini magana.