Yaushe kula da ƙane ya zama bauta?

To, waɗanda suka yi ta tayar da jijiyar wuya a taron iyayen yara na makarantar unguwarmu a nan Tahoua sun samu abin da suke so, an dakatar da wasannin tsakar rana da ƴan CM2, wato ajin ƙarshe na firamare, suke shirya wa ƙannensu na CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu. Barkanku da nasara. Daga yanzu yaran da gidajensu ke da nisa, waɗanda suke wuni a makaranta, za su koma abin da suka saba, wato jifar juna da tsakuwa a bayan aji da tsallaka kwalta a gaban ƴan kabu-kabu, hankalin masu ƙorafi kuwa ya kwanta tunda ba a bautar da ɗan kowa.

Wai an mayar da manyan yara ƴan aikin malamai ba tare da an ba su ko dala ba. Cikin masu wannan magana akwai wanda ƴarsa take goya ƙanenta tun asuba, ta ɗebo ruwa a famfo, ta ɗauki tiren talla bayan la'asar, kuma bai taɓa kiran wannan da wani suna ba sai tarbiyya. Amma ranar da aka rataya mata usur a wuya aka ce ta raba yara gida biyu ta yi musu alƙalancin langa, ranar ce ya tuna cewa ƴarsa tana da haƙƙi. Aikin da take yi a gida da wanda take yi a filin makaranta duk kula da na ƙasa da ita ne, bambancin kawai shi ne a makaranta ana sauraren maganarta.

Na tsaya na ga yadda suke yi, shi ya sa abin yake ci mini rai. Yarinyar ta ja layi a rairayi da diddigenta, ta ƙidaya yaran, ta ɗauki mafi ƙanƙanta ta sa shi a ɓangaren masu ƙarfi don kada a ci zalin ɓangare ɗaya. Da wani ya faɗi ya fashe da kuka, ta tsayar da wasa, ta kakkaɓe masa ƙasa, ta ba shi ruwa daga jarka, sannan ta sa wanda ya ture shi da hannu ya ba shi haƙuri, domin a langa da kafaɗa ake bugu. Babu malamin da ya ɗaga murya. Malamin da ke lura da su yana zaune a gindin dogon yaro yana duba littattafan rubutu, sai ya ɗaga kai lokaci lokaci. Ina so a nuna mini darasin da aka rubuta a allo wanda zai koya wa yarinya mai shekara goma sha biyu yin adalci tsakanin mutane kamar wannan.

Kuma a daina cewa wannan al'adar Turawa ce aka kawo mana. A garin nan aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, kuma ƴan kokowar da suke neman Takobi, kyautar zakaran gasar, a yau a dandalin ƙauye suka fara, inda manyan samari ke haɗa ƙanana daidai da girmansu, su raba su idan abin ya yi zafi. Ƴanmata a wurin yayyensu suke koyon gaɗa da carafke. Iyayenmu da suka yi ƙungiyar matasa ta Samariya a zamanin shugaba Seyni Kountché sun san cewa samari ne suke shugabantar samari. Yaya ya kula da ƙane, haka aka rene mu duka, har da masu ƙorafin.

An ce jarrabawa na gabansu, wasa zai cinye musu lokaci. Wane lokaci? Lokacin da dama a ƙarƙashin katanga suke kashe shi? An ce akwai zafin rana, kamar kafin a fara wasannin a cikin sanyin fanka yaran suke wuni. Idan watan Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40, a koma inuwa a yi dara da carafke, ba sai an rushe tsarin gaba ɗaya ba. An ce yaro zai ji ciwo, alhali yaron da babu mai kallonsa shi ya fi kusa da jin ciwo. Malamin da ya wuni tun safe a aji cike maƙil yana da haƙƙin cin abincinsa cikin natsuwa, kuma waɗannan yaran ne suka ba shi wannan damar.

Tunda masu ƙorafin suna da ƙarfin da za su tsayar da wasa cikin zama ɗaya, ina roƙonsu su kawo wannan ƙarfin taron COGES na gaba, wato kwamitin kula da makaranta, mu yi maganar katangar gabas da ta faɗi tun daminar bara, wadda awaki ke shiga ta nan, da jujin da maƙwabta suka tara a kusurwar filin har ya cinye wurin da ake kafa raga. Ƙwallayen da aka saya da kuɗin iyaye kuma suna kulle a ofishin darakta, a faɗa mana ranar da za a fito da su.