Nasiha ga maginanmu masu zuwa zubin kankare a bakin teku

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, birkiloli da masu ɗaurin rodi da leburori. Duk shekara da an gama girbin shinkafa, motocin da ke tashi daga Birnin Kebbi da Jega da Yawuri da Zuru cike suke da samari masu tafiya ci-rani Legas, Badagiri, Warri, Fatakwal, wasu har Kwatano. Da yawanku aikin gini kuke faɗawa. Yaro ya fara da ɗaukar kwanon sarki, kafin shekara uku an fara kiransa oga, an danƙa masa zubin dakin, wato rufin kankare, na gidan wani. Ku nake wa magana, domin kwaɓin da kuka saba da shi a gida bai isa ba a can, kuma ba ranar zubi ake gane haka ba.

A nan wajenmu iska a bushe take mafi yawan shekara, shi ya sa kankare mai rauni yake samun sutura, ya daɗe ba a san aibinsa ba. Ruwan da ke sauka a Legas ya kai ninki biyu na wanda muke samu a Birnin Kebbi, na Fatakwal ya ma fi haka. Iskar da ke tasowa daga teku tana ɗauke da gishiri, ruwan ƙasa kuma a wasu unguwannin kamar Lekki da Ajah ba ya buƙatar dogon haƙa. Shi kankare, duk taurinsa, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Muddin rodi yana lulluɓe cikin siminti mai kyau, sinadarin simintin yana yi masa wani siririn rufi da ke hana tsatsa. Idan danshi ya ja gishiri ta waɗannan ƙofofi har ya taɓa ƙarfen, rufin nan ya lalace. Tsatsa kuwa tana cin wuri fiye da ƙarfen da ta fito daga gare shi sau da yawa, sai ta riƙa tura kankaren daga ciki. Da farko jan tabo za a gani a ƙasan dakin, sai tsaga ta bi layin rodin tiryan-tiryan, daga nan ɓaraguzai su fara faɗowa a kan gadon mutane. Wannan yakan ɗauki shekara biyar, goma, ko fiye. A lokacin kai ka karɓi kuɗinka, ka dawo gida, wataƙila har ka manta unguwar. Amma haƙƙin masu kwana ƙarƙashin wannan dakin yana wuyanka, kuma Allah zai tambaye ka.

Kada wani ya ce wannan matsalar talaka ce ko ta ƙasarmu kaɗai. A watan Yunin 2021 wani dogon bene ya rufta a Surfside, bakin teku a jihar Fulorida ta Amurka, mutum 98 suka rasu. Tun a 2018 rahoton injiniya ya nuna cewa ruwa yana kwanciya a kan wani dakin da aka zuba ba gangara, kuma kankaren da ke ƙarƙashi ya lalace ƙwarai.

Batun tushe ba naka ba ne, na injiniya ne, bayan an gwada ƙasa. A wuraren da aka cike fadama aka mayar filin gini, yawanci tushen shimfiɗa ake yi, wato kankare guda mai rodi da ya mamaye ƙasan gidan gaba ɗaya, wani wurin ma sai an kafa turaku masu zurfi. Idan mai gida ya ce maka ba ruwansa da zane, kai dai ka yi masa yadda kuke yi a garinku, ka ƙi. Abin da yake hannunka shi ne shirin ƙasa kafin jaman fulo, wato daɓen kankare na ƙasan gida. A kwashe baƙar ƙasa da saiwoyi. A cike da jar ƙasa ko yashi mai tsabta hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa a daddage shi da inji kafin a ɗora na gaba. Masu juye tifa uku lokaci guda su bi saman da katako, nasu daɓen ne ke zama daga baya ya bar rami a ƙarƙashin tayil. Bayan dutsen ciko a baza yashi ya rufe kaifinsa, sannan a shimfiɗa leda mai kauri, ta gini, a haɗa bakinta ya hau juna da santimita 30, a liƙe, a ɗaga gefenta ya hau jikin bulo. Ledar da ta huje a toshe ta. Kaurin jaman fulo kada ya gaza santimita 10, gwamma 15, kuma tsayinsa ya ɗara titi da bakin kwata sosai.

Sai kayan kwaɓi. Yashin bakin teku haramun ne a kankare mai rodi, ko da kyauta aka ba ka, don gishirin da kake gudu ne ka zuba da hannunka tun ranar farko. Wanda ake haƙowa daga tafkin Legas ma sai an bincika daga ina ya fito, kuma a wanke shi da ruwan daɗi idan akwai shakka. Don gane yawan laka, zuba yashi a kwalba ya kai santimita 10, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye wasu awanni. Lakar da ta kwanta a sama idan ta wuce milimita 6, yashin bai dace ba. Amma wannan gwaji ba ya nuna gishiri, a kula. Ruwa kuma, ƙa'idar mai sauƙi ce: wanda ba za ka iya sha ba kada ka kwaɓa da shi. Rijiyoyi da yawa a kusa da teku ruwansu zartsi ne, ka ɗanɗana kafin ka yarda, in ya zama dole a sayo na tanka. Tsakuwa ta zama ta fashin dutse, mai girman milimita 20, ba ƙura a jikinta. Siminti a nemi mai lamba 42.5, a jera buhunan a kan katako nesa da bango, a rufe, domin a wannan iskar buhu yana yin gudaji da wuri. Wanda ya yi gudajin da yatsa ba ya murƙushewa ya fita daga lissafin dakin. Rodi ma kada a yashe shi a ƙasa wata da watanni. Ɗan ja-ja a jikinsa ba komai, amma tsatsar da ke ɓamɓarowa sai an kankare ta da burushin ƙarfe.

Buhu ɗaya na siminti mai kilo 50 daidai yake da kwanon sarki biyu. Kwaɓin da muka saba, buhu ɗaya da kwano 4 na yashi da 8 na tsakuwa, yana cin buhu 6 da ɗan ɗori a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi. A bakin teku, in injiniya bai rubuta wani abu dabam ba, a koma buhu ɗaya, yashi kwano 3, tsakuwa kwano 6, wanda ke cin kusan buhu 8. Ɗauki dakin mai mita 10 da mita 12, kauri santimita 15. Kankarensa mita 18 ne a wancan awon. Kwaɓin farko zai ci wajen buhu 114, na biyu wajen 144. Buhu 30 ne tsakani. Ka zaunar da mai gida ka yi masa wannan lissafi tun kafin a sayo kaya, ka kwatanta masa da kuɗin fasa dakin a sake wani. Kuma a auna da kwano, a share bakinsa. Awon baro da shebur kowa da irin nasa.

Inda aka fi cin amana shi ne wajen ruwa. Leburori suna son kwaɓi ya yi ruwa-ruwa kamar kunu don ya yi sauƙin ɗiba da bazawa, mai injin kwaɓi ma haka yake so. Na san gajiyar hawa da kwano a ka, ba na raina ta. Sai dai siminti kaɗan yake buƙata daga ruwan da ake zuba masa, sauran duk fita zai yi, kuma duk inda ya bi ya fita ya bar hanya a buɗe. Wannan hanya ita gishiri zai biyo ya shigo. Buhu ɗaya kada ruwansa ya wuce lita 22, har da wanda ke jikin yashi. Tun da yashin can kusan kullum a jiƙe yake, ka fara da jarka mai lita 20 ba a cika ta ba, ka duba kwaɓin. Kwaɓi mai kyau idan ka juye shi tsibi yake yi ya ɗan zauna, ba ya malala, tsakuwa ba ta rabuwa da siminti. In ya yi tauri ainun, akwai maganin sa laushi da ake sayarwa a shagunan kayan gini, a zuba bisa awon da ke jikin robar. Jarkar ruwa ta kasance a hannun mutum ɗaya da ka amince da shi, kada a bar tiyo a bakin inji. A babban aiki za ka ga ana cika 'yan akwatuna da kankare a kai ɗakin gwaji a matse su a kwana 7 da kwana 28. Kada ka ɗauki hakan rashin yarda da kai, shaida ce da za ta wanke ka.

Abu na biyu da ke raba aikin ƙwarai da na banza shi ne kaurin kankaren da ke tsakanin rodi da iska. A gida santimita 2 ko 2 da rabi ake bari a ƙasan dakin. A bakin teku a bar 4, a baranda da duk inda iska da ruwa ke duka kai tsaye a bar 5, a tushe 5 in an yi shimfiɗar kankare a ƙasa, 7 da rabi in ƙasa zai taɓa kai tsaye. Ƙarin nan yana rage wa rodi zurfin aikinsa, don haka injiniya kan ƙara kaurin dakin, kada ka yanke wannan da kanka. Biskit, wato ɗan gutsuren siminti da za a ɗora rodi a kai don a samu wannan tazara, a buga shi mako guda kafin zubi, da siminti ɗaya yashi biyu, a soka waya a ciki, a jiƙa shi kullum. Gutsuren bulo ko katako ko dutsen da aka tsinta ba biskit ba ne, su ne ma ke zuƙo ruwa su kai wa ƙarfe. A jera su kusa-kusa, kada tazara ta kai mita ɗaya. Bakin wayar ɗauri a lanƙwasa shi ciki, domin wanda ya leƙo har jikin katako daga nan tsatsa ke farawa. Haɗin rodi biyu su hau juna ninki 50 na kaurinsu, wato mai milimita 12 ya hau santimita 60. Rodin sama da ke kan bim, wato dogarin kankare da ke ɗauke da dakin, da na baranda a tallafe shi da kujerun ƙarfe, a shimfiɗa katakon da leburori za su taka. Baranda ƙarfinta yana rodin sama, in aka tattake shi ya koma ƙasa an gama da ita tun ba a cire gorar da ke tokare da ita ba.

Ranar zubi a fara da sassafe, kaya su cika, tampol yana kusa, don a Yuni da Yuli hadarin Legas ba ya sallama. Gorar tokara ta tsaya a kan katako, ƙasar can tana nitsewa. A toshe ɓarakar katako kada ruwan siminti ya tsiyaye, a share dusar katako, a jiƙa. Abin da aka kwaɓa ya shiga wurinsa kafin minti 45, wanda ya fara kamawa a zubar, ba a farfaɗo da shi da ruwa. Injin girgiza wajibi ne: a soka shi a tsaye, daƙiƙa 10 zuwa 15, a zare a hankali, a matsa kamar taku ɗaya. Ramukan da kake gani kamar saƙar zuma bayan an cire katako rashinsa ne, kuma shafe su da filasta ɓoye ciwo ne kawai. A yi ƙoƙari a gama a rana ɗaya. In tilas ta sa a tsaya, a tsaya inda injiniya ya nuna, a datse da katako a miƙe, kashegari a farfasa fuskar a wanke kafin a ci gaba. Ruwan da ke tasowa sama bayan zubi a bari ya ƙafe kafin a goge, kada a barbaɗa masa busasshen siminti. Dakin da zai zauna a buɗe a ba shi gangarar santimita 2 a kowace mita zuwa bakin indararo.

Masu cewa iskar can da laima, ba sai an yi ban ruwa ba, sun yi kuskure. Iskar teku tana busar da fatar kankare da sauri, kuma wannan fatar ita ce garkuwar rodi. Da saman ya kama, a rufe da buhunan algarara a jiƙe ko leda, ko a yi ɗan bakin ƙasa a tare ruwa a kai, kwana 7 a ƙalla, 14 ya fi, da ruwan daɗi. Katakon gefe ana iya cirewa bayan kwana biyu, amma gorar ƙasa ta kai kwana 21, kuma kada a jibge bulo a kan dakin kashegarin zubi.

Idan kun dawo gida kada ku ajiye wannan ilimi a tasha. Garuruwanmu na bakin Neja irin su Yawuri da Bagudo, da unguwannin fadamar Argungu, ba su da gishirin teku, amma suna da ambaliya da ruwan ƙasa na kusa, shi ya sa kuke ganin gindin bango yana yin fari-fari fenti yana ɓarewa. Leda a ƙarƙashin jaman fulo, ɗaga daɓe sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa, da biskit na santimita 3 zuwa 4 duk suna aiki a nan. Ban ruwa kuwa a wajenmu ya fi na can wuya: a hunturu da bazara sai safe da rana da yamma, kuma a rufe saman tun awannin farko kafin iska ta tsattsaga shi.