Kafin a ce kowa ya mallaki bindiga, a ina za ta kwana?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, sai maganar ta dawo: a bar kowa ya mallaki makami kamar yadda ake yi a Amurka. Ba talakawa kaɗai ke faɗa ba. Aminu Bello Masari ya faɗa a 2021 yana gwamnan Katsina. A watan Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce mutanen Zamfara su nemi lasisi, har Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ni da nake zaune a jihar Michigan ta Amurka, inda ake sayar da bindiga a kanti ɗaya da ƙugiyar kamun kifi, ba na ganin laifin mai wannan kira. Wanda aka kore wa shanu aka sace masa 'ya ba ya buƙatar wa'azi daga wanda ke nesa. Sai dai masu kafa hujja da Amurka rabin labarin suke ɗauka. Sauran rabin a cikin gida yake, kuma shi ne Amurkawa suka fi kuka da shi.

A 2021 mutum 48,830 ne harsashi ya kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Tun daga 2020 bindiga ta zarce hatsarin mota wajen kashe yara da matasa. Da yawa daga cikin waɗannan bindigogi ba na ɓarayi ba ne. Na uba ne, na kawu ne, an saye su da halal don kare iyali, aka ajiye a durowa ko a ƙarƙashin katifa.

Abin da ya faru a makarantar sakandaren Oxford, arewa da Detroit, shi ya girgiza jiharmu. Ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani yaro ɗan shekara 15 ya harbe ɗalibai huɗu har lahira, da bindigar da mahaifinsa ya saya kwana huɗu kafin nan. A safiyar ranar makaranta ta kira iyayen saboda wani zane mai ban tsoro da yaron ya yi, suka zo suka koma, babu wanda ya ce a buɗe jakarsa. A 2024 kotu ta ɗaure uban da uwar shekara 10 zuwa 15 kowannensu, alhali ba su suka ja kunama ba. Daga watan Fabrairun 2024 kuma doka ta fara aiki a Michigan: in ka san yaro zai iya shiga inda bindigarka take, dole ka cire harsashi ka kulle ta, ko ka sa ta a akwatin da ke da makulli. In yaro ya ɗauka ya kashe wani, ɗaurin zai iya kai shekara 15. Ga ƙasar da 'yancin riƙe makami ke cikin tsarin mulkinta tun 1791, amma sai da ta kai ga ɗaure iyaye kan sakaci.

To mu dubi gidanmu. Ba'amurke mai 'ya'ya biyu da ɗaki mai ƙofa ya kasa ɓoye bindiga, ina ga gidan gandu mai mata uku, da jikoki, da almajirin da ke ɗebo ruwa, da 'ya'yan maƙwabta da ke shiga ba sallama? Turakar maigida ma da ake ganin tana da kwarjini, yara ake aika su ɗauko hula ko rediyo a ciki. Duk wanda ya tashi a irin wannan gida ya san babu maɓoyar da yaro ɗan shekara goma bai sani ba. Ya san inda ake ɓoye sukari, ya san inda ake ɓoye kuɗin cefane.

Za a ce ai mun gaji bindiga, ga maharba, ga 'yan bindigar sarki da ke ɗura albarushi ranar hawan sallah. Gaskiya ne, amma su sana'a suka gada tare da ƙa'idojinta. Ɗan maharbi yakan daɗe yana bin ubansa daji yana riƙe jaka kafin a bar shi ya harba, kuma akwai Sarkin Baka da ke tsawatarwa. Bindigar toka kuma sai an zuba albarushi, an danna, an sa harsashi, an sake dannawa. Harbi ɗaya ta gama. Wadda ake saye yau cikin firgici ba haka take ba. Yaro na iya ɗana ta cikin daƙiƙa biyu, kuma mai ita sau da yawa bai taɓa koyon kwance ta ba.

Dokar makamai ta Najeriya, ta 1959, ta raba izini gida uku: manyan makamai sai da sa hannun shugaban ƙasa, bindigar farauta ta zamani sai Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka kuma Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Duk hankalin yana kan wa zai ba da takarda. A Ingila kuwa ɗan sanda har gida yake zuwa ya ga akwatin ƙarfen da za ka ajiye ta, ya tabbatar an kafe shi a bango, kafin a ba ka takardar. Mu a wajenmu, ko mai lasisi ko marar lasisi, bayan ƙofa ne ko saman sif.

Na san amsar da za a ba ni, don Amurkawa ma ita suke bayarwa: bindigar da ke kulle me za ta yi maka in an fasa ƙofa ƙarfe biyun dare? Wannan magana tana da nauyi, kuma ta fi nauyi a Maru ko Batsari fiye da unguwar da 'yan sanda ke isowa cikin mintuna. Amma ba wanda ya ce ka kulle ta lokacin da kake zaune kana gadi. Maganar ita ce sauran sa'o'in, lokacin da ka tafi masallaci, ko kasuwa, ko ka shiga wanka. A nan akwai akwatunan da ke buɗewa da zanen yatsa. A gida ba ma buƙatarsu: mai walda zai haɗa akwatin ƙarfe a yini ɗaya, a sa kwaɗo, mabuɗi ya zauna a jikin mai ita, harsashi kuma a wani wuri daban. Kulle ɗin ba don yara kaɗai ba ne. Yana sa tazara tsakanin mai fushi da kunama, ranar rikicin gona ko faɗan gado. Yana kuma hana ɓarawon da ya shigo da adda ya fita da bindiga.

Ba ma baƙon abu ba ne a addini. Hadisi ya tabbata cewa wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo, an kuma hana nuna ɗan'uwa da makami ko da wasa. Na sha jin wa'azi kan halaccin kare kai, ban cika jin wanda ya tsaya kan wannan ɓangaren ba.

Tun da Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara kuma ta ƙaddamar da Askarawa a 2024, makamai sun riga sun shiga hannun mutanen gari da sanin hukuma. Nan ya kamata a fara. Duk wanda aka damƙa wa bindiga, a damƙa masa akwati da kwaɗo tare da ita, a rubuta lambarta a wajen dagaci, sannan mai unguwa da Sarkin Baka su riƙa leƙawa gida-gida suna ganin inda aka ajiye ta. Wanda aka samu tasa a jingine a zaure da harsashi a ciki, a karɓe.