Bayan an kashe wutar, wa ke tambayar yaran yadda suka kwana?

Wata yarinya 'yar shekara tara a layinmu na Agege da ke Legas ta daina zuwa makaranta na tsawon mako uku. Wuta ce ta tashi daga ɗakin janareta na makarantar kuɗin da take zuwa, hayaƙi ya turnuƙe bene, yara suka yi ta tattake juna a matakala. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Amma tun daga ranar, yarinyar da ta bar fitsarin kwance tun tana shekara huɗu ta koma yi, kuma da zarar maƙwabci ya tayar da janareta sai ta toshe kunne ta shige bayan ƙofa. Babanta, mai sayar da tumatir a Mile 12, ya ce da ni: "Malam, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Sangarta ce kawai." Kakarta ta ce iska ce, a nemo mai tofi. Makarantar kuwa ta sake fenti, ta turo wa iyaye saƙo a WhatsApp cewa komai ya daidaita, a zo a biya kuɗin zango.

Babu mugu a cikinsu, kowa ya duba abin da ido ke iya gani ne. Sai dai firgici ba ya barin tabo a fata, kuma a garin nan ba mu da uzurin cewa ba mu san shi ba. Ranar 13 ga Maris, 2019, bene ya rufta a Ita-Faji da ke tsibirin Ikko, da makarantar firamare a samansa, kimanin mutum 20 suka rasu, da yawansu yara. Bayan shekara guda, ranar 15 ga Maris, 2020, fashewar Abule Ado ta rusa makarantar 'yan mata ta Bethlehem, shugabarta Sista Henrietta Alokha ta rasa ranta wajen fitar da ɗalibanta. Kimanin mako guda bayan haka aka rufe makarantun jihar saboda korona, ke nan yaran da suka tsira sun watse gidajensu a daidai lokacin da suka fi bukatar ganin juna. A 2017 kuma an sace ɗalibai shida a makarantar gwamnati ta Igbonla da ke Epe, suka shafe sama da wata biyu a hannun masu garkuwa. Duk lokacin da irin wannan ta faru mukan ƙirga gawa, mu ƙirga na asibiti, a kafa kwamiti. Yaron da ya fito da ƙafarsa ba ya shiga lissafi.

Mu Hausawa muna da namu kalmomin na rarrashi, kuma ba na cikin masu raina su. "Yi haƙuri." "Ƙaddara ce." "Allah ya kiyaye gaba." Sun riƙe mu a lokutan da babu wani abin riƙewa, dattawan Idi-Araba da suka ga rikicin ƙabilanci na 2002 za su shaida. Inda nake da ja shi ne yadda muke mayar da su murfi. Yaro ya buɗe baki zai faɗi abin da ya gani, sai a ce "Kul, kar ka ƙara tayar da maganar nan, ai ya wuce." Idan namiji ne a ƙara masa da "Kai ba jarumi ba ne?" Addinin da muke jingina wannan ɗabi'a gare shi bai ce haka ba. Annabi Yakubu, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, shi ne ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma faɗa a fili cewa zuciya tana baƙin ciki. To don me za a hana ɗan aji uku abin da ba a hana annabawa ba?

Kada kuma a fahimce ni a baibai, a tara yara a fili ɗaya a ce kowa ya tashi ya ba da labarin abin da ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan irin wannan zama na tilasta wa mutum ya amayar da abin da ya same shi nan take. Ba ya hana ciwon, wani lokaci ma fama shi yake yi. Abin da ta ba da shawara a kai ya fi haka sauƙi: a lura, a saurara, a haɗa mutum da wanda zai taimake shi. Yaron da ya so magana a ba shi kunne ba tare da an gyara masa labari ba. Wanda ya yi shiru a zauna kusa da shi, a ba shi takarda da fensir, a bar shi. Idan ya yi tambaya a gaya masa gaskiya daidai hankalinsa. Kada a ce masa abokinsa "ya yi tafiya", domin zai jira dawowarsa, ranar da ya gane kuma ya daina yarda da maganar manya. A kuma ɗauke masa waya. Hotunan da muke turawa juna a zaurukan WhatsApp na 'yan gari, yara suna kallonsu ta bayan kafaɗarmu.

Akwai wata dabara da muka ƙware a kai mu 'yan ci-rani: abu kaɗan, a saka yaro a mota a kai shi gida Arewa wurin kaka "ya huta". Babban yarinyar nan har ya yi magana da direban tirela mai komawa Katsina. Na fahimci dalilin, amma a tsaya a duba abin da ake cire wa yaron: uwarsa, ƙawayen da suka ga abin da ya gani, tabarmar da ya saba kwana a kai. Abin da ke kwantar da firgici shi ne rayuwa ta koma kan sawunta, lokacin tashi, lokacin cin abinci, lokacin Islamiyya. Komawa makaranta ma a yi ta sannu-sannu, ranar farko da rakiyar uwa, ko da awa biyu ce.

Islamiyyar nan da na ambata ita ce, a ganina, ƙofar da aka bari a rufe. Yaron Bahaushe a Legas yana karatun boko da Turanci, yana wasa da Yarbanci, amma da Hausa yake mafarki, da ita yake tsorata. Ko makarantarsa tana da malamin ba da shawara, da wuya ya kwance masa cikinsa a harshen aro. Malamin Islamiyya kuwa yana ganinsa kusan kullum da yamma, ya san wanda ya daina haddace karatu, ya san wadda ke zabura idan an buga ƙofa. Abin da ya rage masa shi ne ya san cewa wannan ba taurin kai ba ne, dorina ba maganinsa ba ce. Da sarakunan Hausawa na Agege, Idi-Araba da Alaba Rago za su haɗa kai da kwamitocin masallatai su gayyato likitoci da malaman jinya, asibitin koyarwa na LUTH ga shi nan a tsakiyar Idi-Araba, su yi wa malaman nan bita ta yini biyu da Hausa, kuɗin ba zai kai na walimar saukar karatu ɗaya ba.

Yawancin yara suna warwarewa da kansu cikin makonni idan gida ya riƙe su da kyau. Amma idan an haura wata guda yaro bai daina mugun mafarki ba, ba ya ci, ya janye daga wasa, ko yana maganar mutuwa, lokacin ganin likita ya yi. A yi tofi, a yi addu'a, a kuma je asibiti; ɗaya ba ya kore ɗaya. Na san sunan Yaba a bakin mutanen Legas kamar Dawanau yake a bakin Kanawa, abin tsokana ne. Amma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke can yana da sashen yara da matasa a Oshodi, kuma tun farkon 2023 ƙasar nan ta samu sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 mai kallon mara lafiya a matsayin abin ɗaurewa.

Ba a kai yarinyar Katsina ba. Uwarta ce ta ƙi, ta ce 'yarta ba za ta kwana nesa da ita ba. Malamar Islamiyyarsu ta riƙa zaunar da ita kusa da ƙofa, inda take ganin hanyar fita. Ta koma boko a mako na huɗu. Har yanzu ba ta yarda ta hau bene sai ta riƙe hannun yayarta.